Fitilar firiji na ƙiftawa: me za ka saya, me za ka bari a kanti?

Gwaggona a unguwar Nima ta Akara tana sayar da abin sha mai sanyi, sobolo da burkina da lamurji, kuma firijinta shi ne jarinta. Farkon damina ta kira ni a waya: "Yarona, fitilar cikin firijin nan ta dame ni. Da na buɗe ƙofa sai ta dinga ƙiftawa kamar walƙiya. Wani ya leƙa ya ce bod ne ya mutu, wai in haɗa kuɗi." Na ce mata, "Gwaggo, kada ki ba kowa ko sidi ɗaya sai na zo." Da na je na danna makunnin ƙofa da yatsa, sai na ji yana maƙalewa. Sobolo ne ya zube ya gangara cikinsa, sukari ya bushe ya kama shi. Bod ɗin, wato allon lantarkin da ke sarrafa firijin, lafiyarsa ƙalau.

Abubuwa biyar ke sa fitilar LED ta firiji ƙiftawa: makunnin ƙofa, kwan fitilar, ɗan allon da ke ɗauke da fitilun, babban bod, ko kuma wutar gidan kanta. Tsakanin mafi araha da mafi tsada a cikinsu tazara ce mai nisa, kuma mai kanti zai sayar maka da abin da ka ambata ne kawai. Don haka a gida ake gano ciwo, a kasuwa a sayi magani.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Buɗe ƙofa ka danna makunnin a hankali, ka sake, ka ɗan girgiza shi. Idan fitilar na ƙiftawa daidai da motsin yatsanka, ka kama ɓarawonka. Sababbin firiji da yawa ba su da makunnin da ake gani, maganaɗisu ne a jikin ƙofa ke kunnawa da kashewa, kuma idan ƙofar ta sauka saboda nauyin kwalabe, sai ya daina dacewa da abokinsa. Bayan haka ka cire firijin daga doguwar wayar jan wuta, ka sa shi kai tsaye a soket ɗin bango. Sai ka tsaya ka lura da kwan ɗakin. Idan shi ma yana dusashewa duk lokacin da injin firijin ya tashi, ko kuma ƙiftawar ta fi tsanani da magariba zuwa goman dare sa'ad da kowa a gidan haya ya kunna fanka da talabijin da dutsen guga, to laifin ba na cikin firiji ba ne. Kafin ka kwance komai kuwa, zare filogi daga bango.

Idan makunni ne, shi ne mafi sauƙin saye. Ɓalle tsohon da bakin sukuddireba, ka tafi da shi Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Akara. Ƙirga ƙafafunsa: wani biyu ne, wani uku ko huɗu, domin a wasu firiji makunnin nan shi ne ke tsayar da fankar ciki idan an buɗe ƙofa. Mai ƙafa biyu ba zai maye gurbin mai uku ba ko da ya shiga ramin.

Kwan fitila mai murɗawa shi ma ba wuya, amma nan ne mutane ke yawan yin kuskure. Yawancin firijin da suka zo daga Turai ko Asiya suna amfani da ƙaramin gindi mai lamba E14, wato faɗin gindin milimita 14. Tsohon kwan mai zare a ciki wat 15 ne, yana zafi, amma ba kasafai yake ƙiftawa ba, yawanci sai dai ya ƙone gaba ɗaya. Na LED wat 1 ko 2 yake ci, ba ya ɗumama abinci, kuma sanyi ba ya cutar da shi. Danshi ne magabcinsa, da kuma ƙananan kayan lantarkin da aka cusa a gindinsa. Mafi araha a tire, wanda ba suna ba kwali, duk rawar da wuta ta yi sai ka gani a fuskarsa. Ni dai na fi son wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na firiji ne, gindinsa a rufe ruf, kuma yana karɓar wuta daga bolt 220 zuwa 240, tunda wutar Gana bolt 230 ce. Auna tsawonsa da tsohon, don murfin roba ya koma mazauninsa. Masu firijin Amurka da ke aiki da taransifoma su kula sosai: nasu bolt 120 ne, kwan kasuwar nan ba zai ba da haske yadda ya kamata a ciki ba, na can kuma in ka sa shi a wutar nan take zai ƙone. Wani lokacin ma kwan bai mutu ba, ɗan harshen ƙarfen da ke ƙasan mazauninsa ne ya yi tsatsa ko ya kwanta. Iskar teku ta Akara ba ta barin ƙarfe ya huta.

Inda zaɓi ya yi yawa shi ne firijin da fitilarsa ɗan allo ne siriri mai ɗigon fitilu a jere. Irin wannan ba ya shan wutar bango kai tsaye. Babban bod ne ke rage ta, galibi zuwa bolt 12, ya aiko masa. Hanyoyi huɗu ne a gabanka, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na asali daga wakilin kamfanin shi ne mafi tsada, wani lokaci sai an jira an kawo shi, amma zai shiga daidai kuma ba zai wahalar da bod ba. Idan firijin yana cikin garanti, nemo rasit ka kira su, kada ka bari kowa ya kwance. Na biyu shi ne wanda aka ciro daga mataccen firiji irin naka. Kayan asali ne a farashi mai sauƙi, sai dai ya riga ya sha nasa danshin. Juya bayansa ka duba: in ka ga kore-kore ko farin gari a wurin dalma, ajiye musu kayansu. Na uku, sabo ne amma kwaikwayo. Akwai masu kyau a ciki, matuƙar lambar da ke jikin allon da yawan bolt da bakin da waya ke shiga duk sun yi daidai da naka. Ka ce wa mai kanti, "Masta, a jona mini in gani," kuma ka bar shi a kunne na ɗan lokaci, domin allo mai rauni yakan fara da kyau, sai ya ɗumama ya soma ƙiftawa.

Na huɗu shi ne wanda nake roƙon mutane su guje masa: a yanko doguwar fitilar ado irin ta shago a manna a ciki, a murɗa waya da hannu a naɗe da salatif. Gam ɗinta ba ya jure danshi, kuma idan ta fi ta asali jan wuta, bod ɗin da ke ciyar da ita ne zai gaji ya mutu. Akwai abin da ya fi wannan haɗari. Duba takardar da ke manne a cikin firijinka ko a bayansa. Idan an rubuta R600a, gas ɗin da ke cikinsa mai kama wuta ne, kuma yawancin sababbin firijin gida shi suke ɗauke da shi. Wayar da ke tartsatsi a rufaffen wuri irin wannan ba abin wasa ba ce. Gara ka cire allon gaba ɗaya ka zauna ba fitila, ko ka sa 'yar fitilar caji mai kunna kanta idan ta ji motsi, duk da cewa sanyi na saurin shanye batirinta.

A manyan firiji masu ƙofa biyu a jere, wasu kamfanoni suna haɗa fitilun kamar carbi, ɗaya ce uwa, ita ke ba sauran wuta. Idan duka suna ƙiftawa tare, kada ka sayi uku ko huɗu. Uwar ce ake fara sauyawa.

Babban bod shi ne na ƙarshe da za a zarga, kuma sai an sa mita an ga wutar da yake fitarwa tana hawa da sauka. Ko a nan ma, sau da yawa ƙaramar kafasita, 'yar na'urar da ke ajiye wuta a jikin bod, ita ce ta kumbura, kuma mai gyaran talabijin da ya iya dalma zai sauya ta da kuɗi kaɗan. Wannan aikin masu sana'a ne, domin bod na riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Sayen sabon bod sai in na ciki ya ƙone ƙurmus.

Saura wutar gida, wadda ita ce ta fi damuna. Duk wanda ya rayu a Akara a shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta, musamman 2014 da 2015, ya san abin da ɗauke wuta da dawo da ita ke yi wa kayan gida. Idan fitila na ƙiftawa saboda wuta ta yi ƙasa, injin da ke baya yana shan wahalar da ba ka gani, kuma kuɗin injin ya ninka na fitila sau da yawa. Na'urori biyu ake sayarwa, mutane kuma suna ɗaukarsu abu ɗaya. Mai gadin firiji, ɗan akwatin da ake sawa a soket irin na kamfanin Sollatek, ba ya gyara wuta. Yana yanke ta ne idan ta yi ƙasa ko ta yi sama, kuma idan ta dawo yakan jira 'yan mintuna kafin ya saki, don matsin gas ɗin injin ya daidaita. Sitabilaiza kuwa ɗaga raunanniyar wuta take yi ta daidaita ta. Idan layinku na da ƙarfi, ɗaukewa kawai ake yi, mai gadi ya wadatar. Idan kullum da dare wutar ku rauni take yi, mai gadi zai bar firijin a kashe na sa'o'i, burkina ta yi tsami. Nan sitabilaiza ake so, mai jinkirin kunnawa, kuma kada ta gaza 1000VA ga firiji ɗaya, domin a lokacin tashi injin na fizgar wuta ninkin-ba-ninkin abin da ya saba ci. Amma idan soket na zafi ko yana warin ƙuna, ko fitilun wani ɗaki na ƙara haske yayin da na wani ke dusashewa, ba na'urar da za ta magance wannan. Kira mai aikin waya mai lasisi, in kuma daga falwaya ne a kai rahoto ofishin ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki na Gana.

Wanda firijinsa ya tsufa har robar ƙofa ta saki, ruwa na ɗiga daga sama, ya sani duk allon da ya sa danshi zai sake cinye shi. A sauya robar tukuna. In kuma lissafi ya kai ga sayen wani, tun farkon 2013 aka hana shigo da tsofaffin firiji Gana, kuma sababbin suna zuwa da takardar Hukumar Makamashi mai ruwan ɗorawa da taurari, mai taurari da yawa shi ne mai cin wuta kaɗan.

Gwaggo dai makunni ta saya, da mai gadi guda. Ta kuma kwashe manyan kwalaben sobolo daga aljihun ƙofa ta mayar da su can ƙasa.