Yaya, na ga an buɗe cikin saniya tana tsaye da ƙafafunta

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya, ina iyali, ya jikin Inna? A gaishe min da mutanen gida duka, da baƙinmu na Abalak in sun shigo Tawa. Mu nan lahiya lau alhamdulillahi sai sanyi, irin wanda in ka fito da asuba kunnenka ke yin kamar ba naka ba.

Na saurari saƙonka na WhatsApp har sau ukku, zancen tunkiyar Inna, wadda ka ce kun yi sauri kun yanka kar ta zama mushe, da aka buɗe tumbi sai ga leda dunƙule da tsumma da guntun igiya, kuma da ɗa a cikinta. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don na san yadda Inna ke ji da tunkiyar nan, ita ce asusunta, ita take kallo in an yi zancen layya ko bikin ƴanmata. Shi ya sa na ce yau sai na zauna na rubuto maka abin da idona ya gani nan, tunda kullum kana tambayata wai aikin mi nike a gonar nasaran nan.

Ka san inda nike ƙauye ne, wajen Sharol, arewa da birnin Liyon a ƙasar Faransa, ƙasar fararen shanun nan da ake ce ma Sharole. Shanu ne na nama, ba su da tozo, ga faɗin baya kamar gado, in ka aje sanmu na irin azawak kusa da su sai ka ce maraƙi ne, amma fa su ba za su yi kwana ukku a rana irin ta Azawak ba, kowa da inda Allah ya yi shi. Matsalarsu ɗaya haihuwa, ɗan maraƙi yana zuwa da kilo 45 ko 50, wani lokaci sai ya ƙi fita. Kuma da sanyi suke haihuwa, shi ya sa maigidana ya liƙa kamara a rumfar shanu, yana kwance a ɗaki yana kallon su a waya.

To wani dare cikin watan Janairu wajen ƙarfe biyu ya buga min ƙofa, wata karsana haihuwar fari ta ɗau lokaci tana naƙuda, ƙafafun gaba sun leƙo kai ya ƙi biyowa, mun ja da igiya a hankali shiru. A gida ka san yadda ake yi, a tara maza a yi ta ja har a yaga uwar ko a kashe ɗan, ko a kira mahauci. Shi waya kawai ya ɗauka. Ba a yi minti arba'in ba sai ga likitar bisashe da motarta, ƴar yarinya ce wallahi ba ta kai ƙanwarmu ba, bayan motar duk durowa durowa cike da magani da kayan aiki. Ta sa safar hannu mai kaiwa kafaɗa, ta zura hannu ta taɓa, ta ce ƙugun uwar ya yi kaɗan, sai aiki.

Ni na zaci kayar da ita za a yi a ɗaure. Ina! A tsaye aka bar ta, an dai kama kai a ƙarfe an ɗaure wutsiya a ƙafa. Ta aske gashin kuiɓin hagu, ta wanke da sabulu da betadin sau ukku, ta bi wurin da allurar kashe zafi a jere, ta ɗan jira, sannan ta tsaga. Ni ke riƙe da fitila Yaya, hannuna na rawa, saniyar kuwa ko gezau, sai hucinta kawai kake ji cikin sanyi. Ta tsaga fata, ta tsaga nama hawa hawa, ta tura tumbi gaba da hannu, ta lalubo mahaifa ta jawo ta bakin ramin ta yanka, sai ga ƙafafun baya, ta ce mu ɗaura mu ja sama, ni da maigida muka ciro shi jiƙe sharkaf yana tururi. Na goge mishi hanci da ciyawa ya yi atishawa. Ita ko ba ta ko waiwaye mu ba, ta duƙufa ɗinki, mahaifa da zaren da ke narkewa da kanshi a jiki, nama ma haka, sai fata da zare mai kauri wanda aka zo aka cire bayan mako biyu. Duka duka awa ɗaya da ƴan mintoci. Da gari ya waye na tarar da uwar tana tuƙa, ɗan yana tsotso.

Abin da ya sa na ba ka labarin nan dalla dalla, da tana wanke kayanta na tambaye ta da ɗan faransancina, na ce a ƙasarmu bisashe na cin leda suna ramewa har su mutu, akwai magani? Ta ce ba wani ruwan magani ko ƙwaya da ke narkar da leda, amma aikin ciro ta ta nan wurin dai ake yin shi, kuiɓin hagu, a tsaga a buɗe tumbi a kwaso da hannu a ɗinke, saniya a tsaye, tunkiya ko akuya a kwance, kuma in an yi da wuri kafin dabba ta gama lalacewa galibi tana tashi. Na duba kayan da ta yi aikin da su, aska, almakashi, ƴan ƙarafunan kama jijiya, allura da zare, maganin kashe zafi, betadin, bokitin ruwa. Ba inji ko ɗaya, wuta ma fitilar da ke hannuna ce. Duk cikin akwati ɗaya da za ka ɗaura bayan moto ka kai Ibesetan, wurin kiwon nan na wajen Abalak. Nan jikina ya yi sanyi, don da a ce na'urar miliyoyi ake buƙata sai in ce to ba rabonmu ba ne.

Na'urorin ma akwai su, ban ce babu ba. Tana da ƴar eko, na'urar duba cikin dabba, ta ratayawa a wuya, wata ɗaya da ƴan kwanaki bayan barbara za ta gaya maka saniya ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, ba sai ka ciyar da ita wata shidda kana zato ba. Akwai maganaɗisu kamar ɗan yatsa da ake tura ma saniya ta haɗiye, ya zauna a cikinta ya kama ƙusa ko guntun waya da ta ci kafin ya huda ya kai zuciya. Kowane maraƙi kafin ya kwana 20 an sa mishi lamba a kunnuwa biyu, yana da takardarshi kamar fasfo, ko kasuwar shanu ta San-Kiristof da ke ci ran Laraba ka kai shi ba takarda ba mai saye. Sannan in an yi ma dabba allurar antibiyotik sai an rubuta a littafi, akwai kwanakin da ba a yanka ta ba a sayar da nononta, makwabcinmu mai shanun tatsa zubar da shi yake ina gani. Mu kuwa mutum zai sayi maganin da ya sha rana a tebur cikin kasuwa, ba a san inda aka yi shi ba, ya tsira ma rago yau, jibi ya ga ba sauƙi ya yanka a ci.

Na karnuka da kyanwoyi kam wata duniya ce. Karen kiwon maigida jijiyar gwiwarshi ta tsinke yana korar shanu, ni na rakka shi kilinik a birni. Yaya wurin ya fi likitoci da yawa da na sani tsabta. An yi mishi radiyo, wato hoton ƙashi, an sa shi barci da iskar gas ta tiyo, na'ura na ƙirga bugun zuciyarshi, aka yanka ƙashin ƙwauri aka juya shi aka ɗaure da faranti da sukurori, aka sako mishi wani abu kamar mazurari a wuya don kar ya lashi ɗinki. Yuro 1,800 maigida ya biya, ka lissafa kowane yuro sefa 656, miliyan ɗaya da jika ɗari da tamanin na sefa kenan. A wurin na ga ana cire ma kare yanar ido, ana ƙara mishi jinin wani kare, akwai sikana, akwai masu biyan asiransi duk wata don kyanwa. Kuma doka ce kare ko kyanwa a yi mishi shaida, galibi ƴar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa ƙarƙashin fatar wuya mai lamba 15, in ya ɓace a ɗora inji a ga mai shi. Da farko raina ya ɓaci da na tuna mutanenmu da ake rubuta ma ordinansi, takardar sayen magani, su ninke su sa aljihu. Amma da na ga karen ya koma aiki, shi kaɗai yana tattaro shanu sittin, kuma na tuna hadisin mutumin da Allah ya gafarta ma don ya shayar da kare mai ƙishirwa, sai na daina ganin laifinsu. Abin dai ba shi ne damuwarmu ta yanzu ba.

Su ma fa ba dare ɗaya suka kai nan ba, lakwal ɗin likitan bisashe ta farko a duniya a Liyon aka kafa ta a 1761, saboda annobar da ke ƙare musu shanu. Kuma ko yanzu suna kuka, matasan likitoci sun fi son birni da kyanwoyi, ƙauye ana rasa mai tashi da dare. Mu ma ba a ce ba mu da komi ba, akwai ƴaƴanmu da suka yi karatu a lakwal ɗin Dakar, akwai Labosel a Yamai da ke yin allurar rigakafi, akwai Tukunus inda ake kula da irin azawak, akwai likitoci masu zaman kansu da mataimakansu a karkara. Bushiya, annobar shanun nan da kakanni ke ba da labarin ta share garke, an sanar da ƙarewarta a duniya a 2011, da allura aka yi ta, har da makiyayanmu da suka jera shanu a layi. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne a kira likita tun dabba na tsaye, mu sai ta kwanta ta kasa tashi sannan a fara neman lamba, lokacin kuwa wuƙa ta fi kusa. Leda kuma an yi dokar hana ta tun 2014 amma kai ma ka san yadda take lilo a kan kowace ƙaya bayan gari, kuma dabba da rani in ta ji ƙanshin gishiri ko mai a jiki haɗiyewa take.

Don haka Yaya ga roƙona. Ka ce ɗayar tunkiyar ma tana ramewa, tana cin abinci kaɗan, kashinta ya ragu, ciki kuma ya yi tauri. Don Allah kar a ƙara ɗura mata kanwa ko mai. Ka tahi sabis ɗin kiwo na nan Tawa ka tambaya wa ke aikin ciro leda, a zo a taɓa cikinta a gani, in sun ce aiki to a yi, ka tambayi kuɗɗin ka gaya min, zan haɗa da na wata in aiko ran Juma'a in Allah ya yarda. Ka amshi lambar likitan ka aje a wayarka da ta Inna. Yara kuma su share ledar da ke garka da bayan katanga su daina sakin tumakin wajen bola, gara a ɗaure su a sayi harawa da dussa, ni zan ɗau nauyin wannan har ruwa ya sauka. In an yi aikin ka ɗauko min hoton abin da aka ciro, likitar nan ta ce tana son gani, ba ta taɓa ganin na tunkiya da idonta ba.

A gaida Inna, a ce mata ta yi haƙuri, ina nan ina mata addu'a. Sai na ji ka.