Gargaɗi: an sayar min da antibairos na kyauta a kan naira 25,000

Jama'a, raina a ɓace yake, don haka ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse. Naira 25,000. Dubu goma sha takwas da farko, dubu bakwai daga baya. A kan antibairos, manhajar kare kwamfuta daga bairos, abin da kowa zai iya saukewa a intanet ba tare da ya biya ko sisi ba.

Kwamfutar gida ce, laftof ɗin da yara ke gwajin tambayoyin JAMB a kanta, uwargida kuma tana ajiye lissafin kayan da take sayarwa. Babban yaron ne ya kai filash shagon buga takardu, da ya dawo ya soka a laftof, sai kowane fayil ya koma wata alama mai 'yar kibiya a gefe. Ka danna, babu komai. Bairos ɗin nan na filash da ke ɓoye fayiloli, wanda duk mai hulɗa da shagunan buga takardu ya sani. Hankalin uwargida ya tashi, don sunayen masu bashinta duk a ciki suke.

Kafin wani ya ce ban yi bincike ba, na yi. A zauren WhatsApp na unguwarmu aka ba ni lambar wani mai gyaran kwamfuta, mutane suka yi ta yabonsa. Yana da shago, yana da allo a ƙofa, ga kwamfutocin mutane jere a kanta. Ba a titi na tsince shi ba. Da na shiga ya miƙe tsaye, ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Alhaji, wallahi na kyautan nan duk wasan yara ne. Kai mai iyali ne, orijinal zan saka maka, lasisin shekara uku." Ya buɗe durowa ya ciro wani kwali mai sheƙi da sitika a jiki, ya juya min shi gaba da baya. Kwalin nan nake ta gani a idona har yanzu. Bai ba ni shi ba fa, mayar da shi durowa ya yi, wai lambar ciki sirri ce. Ana kiran la'asar ya ce mu je masallaci tukuna, aiki ba ya gaban salla. Sahu ɗaya muka tsaya. To ku faɗa min, wa zai zargi irin wannan mutum?

Dubu bakwan kuwa, wani saƙo ne ya riƙa fitowa a allo yana cewa a biya don ƙarin kariya. Na kira shi. Ya ce sabuntawa ce, in tura 7,000, ba sai na wahalar da kaina na zo ba. Ya sa na buɗe wata manhaja ta sarrafa kwamfuta daga nesa, AnyDesk, na karanto masa lambar da ke jiki, sai ga kibiyar kwamfuta tana yawo da kanta. Har na kira yara su zo su ga ikon Allah. Ashe tun ranar farko ya saka ta, ban sani ba. Ranar farkon ma da ya karɓi dubu goma sha takwas, a hannu ya so in ba shi, ni na dage sai tiransifa. Alat ɗin yana nan a wayata.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ne ya zo hutu, ya buɗe laftof ɗin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, nawa ka ce ka biya?" Ashe antibairos ɗin da mutumin ya saka min Avast ce ta kyauta, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro a saman allon. Saƙon da na biya wa dubu bakwai talla ce kawai ta kamfanin, irin wadda masu manhajar kyauta ke turowa ko za ka sayi ta kuɗi. Mutumin nan rufe tallar kawai ya yi. Ya danna wuri ɗaya ya ci 7,000.

Abin da ya fi ƙona min rai, yaron ya nuna min cewa Windows 10 da Windows 11 da nasu maganin suke zuwa, Microsoft Defender, kyauta, yana sabunta kansa in akwai data. Da zarar an saka wani antibairos, shi sai ya ja gefe ya bar wa baƙon aikin. Wato ruwan rijiyar gidana aka ɗebo aka sayar min. Fayilolin uwargida ma ba gogewa suka yi ba, ɓoye suke, yaron ya fito da su kafin shayi ya huce. Mutumin kuwa cewa ya yi sun tafi har abada, har da jajanta mata ta waya.

Ba laifin Avast ba ne, ba laifin AnyDesk ba ne, kayan aiki ne na halak da macuci ya yi amfani da su. Amma mutumin da ya riƙa shiga kwamfutar gidana daga shagonsa, me ya gani, me ya kwafa? Mun goge AnyDesk ɗin, mun canza kalmomin sirri na imel da Facebook, har na banki.

Na koma shagon, yaronsa ya ce oga ya yi tafiya. Na kira, ya toshe lambata. Zan saka sikirinshot na tiransifa biyun da hirarmu a ƙasa, bari in rufe lambar asusuna tukuna. Masu yabonsa a zaure kuma, ku duba kwamfutocinku.

In Windows ɗinka na sabuntawa, bar Defender ya yi aikinsa. In kana son wani, Avast, AVG, Avira da Bitdefender duk suna da na kyauta, ka sauke da hannunka daga shafin kamfanin, guda ɗaya, kada ka haɗa biyu. Kada ka karanta wa kowa lambar AnyDesk. Wanda ya ce lasisi ya saya maka, ya miƙo maka lambar a hannu.

Dubu ashirin da biyar. Ban yafe ba, Allah ya isa, kuma gobe da safe ina ƙofar shagon nan tare da mai unguwa.