Wace na'ura ta dace da gwajin batirin sola a Maradi?

Duk mai haɗa sola ko gyaran inbata a Maradi yana buƙatar hanyar sanin gaskiyar batir kafin ya kai shi gidan mutane, domin lambar da ke jikinsa, 100Ah ko 200Ah (Ah na nufin amfiya sau awa, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), alkawari ce kawai, ba ta tabbata sai an cika batirin taf, sannan an zuƙe wutarsa sannu a hankali ana ƙirga abin da ya fito.

Mitar hannu ba ta iya wannan aiki, tunda bolt kaɗai take nunawa, kuma batirin da ya gama yayi yana iya nuna bolt 12.7 idan bai daɗe da sauka daga caji ba. Na'urar gwajin batirin mota ƙarfin tayar da inji take aunawa, wanda ba shi ne damuwar mai sola ba. Ita kuwa ƴar cajar nan iMAX B6, wat 5 kacal take iya zuƙa, don haka batirin 100Ah sai ya kai kwana 10 a kanta, ga kuma jabunta sun cika kasuwa.

Abin da nake ba da shawara a saya kaya biyu ne da ke aiki tare. Na farko injin ba da wuta na kan tebur irin na ɗakin gwaje-gwaje, mai bolt 30 da amfiya 10, wanda ake saita masa iyakar bolt da iyakar amfiya kowanne daban. Idan batirin darma ne mai bolt 12, a saita 14.4, a tsayar da amfiya a kashi ɗaya cikin goma na girman batirin, a bar shi har sai amfiyar ta sauko ƙasa sosai da kanta. Idan kuma na lityom ne nau'in LiFePO4 mai ƙwaya huɗu, kada a wuce 14.6. Na biyu na'urar zuƙar wuta ce irin su DL24, mai jan amfiyar da aka umarce ta ba ƙari ba ragi, tana rubuta jimilla a allonta, ta kuma tsaya da kanta idan an kai iyaka. Yawancin baturan darma a ma'aunin awa 20 ake rubuta girmansu, saboda haka na 100Ah amfiya 5 za a riƙa ja har ya sauko bolt 10.5. In ya yi awa 20 ya cika alkawarinsa, in ya faɗi a awa 9, to 45Ah ke cikinsa, komai kyawun takardar da aka manna masa. A nemi na'urar zuƙar wuta wadda ke da wayoyi huɗu, biyu na jan wuta biyu na awo a bakin batir, don kada asarar cikin waya ta ɓata lissafi.

Yanayinmu yana buƙatar ƙarin kula. Gwajin batirin 200Ah a amfiya 10 ya haura wat 120, wato dab da iyakar ƙananan na'urorin nan masu wat 150, kuma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, ƙaramar fankarsu ba ta wadatarwa sai an ƙara wata. Haka nan idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar caji, batir yana iya tura wutarsa baya cikin injin ba da wutar ya lalata shi, shi ya sa fiyus da dayod (ƴar na'urar da ke hana wuta komawa baya) a kan wayar caji wajibi ne. Kuma a bar taga a buɗe, domin batirin darma yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ha'inci. An taɓa sayar mini da batir mai tambarin 200Ah, sabo fil a kwali, da na ɗora shi kan gwaji ko rabi bai kawo ba, kuma a gefen tambarin ana ganin shatin tsohuwar takardar da aka ɓare. Wasu tsohon batir suke wankewa su yi masa fenti, su cika shi da caji da safe don mita ta nuna lamba mai kyau a gaban mai saye. Batirin darma na 100Ah na gaske yana kusan kilo 30, to idan ka ɗaga shi da hannu ɗaya ba wahala, ka ajiye. Sai dai nauyin ma ba hujja ba ne, don akwai masu cusa yashi ko siminti a ciki. Ƙananan baturan lityom nau'in 18650 da ake rubuta wa 9900mAh (1000mAh shi ne 1Ah) ƙarya ce tsagwaronta, tunda na kirkinsu ba su cika wuce 3500mAh ba. Na'urorin gwajin su ma ba su tsira ba: akwai injin da aka rubuta wa amfiya 10 amma wayoyinsa siraran da suke ɗumi a amfiya 3. Kafin ka biya, ka gwada allon injin da mitar da ka amince da ita, kuma ka yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa batirin da ya kasa kawo kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta za a mayar masa da abinsa.