Jigilar yashin rijiyoyin mai ko kayan kasuwa: wanne za ka sa wa motarka?

Malam, ka ce shekara uku ke nan kana jan tirela a Amurka da lasisin tuƙa manyan motoci na CDL, ka tara abin da zai sayi kan mota na hannu, kuma kunnenka ya cika da labarin kuɗin da ake samu wajen kai yashi rijiyoyin mai a Texas. Kana tambaya ko ka nufi can, ko ka tsaya kan kayan kasuwa da ka saba ɗauka daga jiha zuwa jiha. Na taɓa duka biyun, bari in ajiye maka su kusa da juna.

Kada ka ɗauki yashin nan kamar wanda 'yan tifa ke kai wa magina a gida. Ana cakuɗa shi da ruwa a tura cikin rijiya da matsi mai ƙarfi har dutsen ƙasa ya tsattsage, sai yashin ya maƙale a tsagar ya hana ta rufewa, mai da iskar gas su samu hanya. Rijiya guda tana iya cin tan 10,000 ko fiye. Doka kuwa ta tsayar da nauyin mota da kayanta a fam 80,000, wato lodinka ba zai wuce tan 23 zuwa 25 ba. Ka ga rijiya ɗaya ta ba da lodi sama da 400, kuma dare da rana ake so. Daga nan kuɗin yake fitowa.

Da can daga Wisconsin ake kawo yashin a jirgin ƙasa. Daga 2017 aka fara buɗe wuraren haƙarsa a cikin Permian kansa, wato yankin rijiyoyin mai na yammacin Texas da New Mexico, kusa da garuruwan Kermit da Monahans. Shi ya sa tafiyar gajera ce, kana iya yin sawu biyu zuwa huɗu a rana, kuma akasari da tan ake biya ko da sawu. A kayan kasuwa da mil ake biya, lodi ɗaya ya kai ka kwana biyu ko uku a hanya. Idan aiki na gudana, yashi ya fi kawo kuɗi a mako, ban musa ba.

Amma ka dubi wanda ke riƙe da abincinka. A kayan kasuwa, dillalin nan ya ƙi ka, akwai ɗaruruwa. Mutane ba sa daina cin abinci da sayen kaya. Kasuwar ta yi sanyi a 2022, farashin lodi ya faɗi, har babban kamfanin jigila irin Yellow ya durƙushe a 2023, duk da haka lodi bai ƙare ba. Yashi kuwa farashin ganga ne ubangidansa. A ranar 20 ga Afrilu 2020 farashin ɗanyen man Amurka ya sauka ƙasa da sifili, aka rage haƙa sosai, kuma a shekarar manyan masu yashi biyu, Covia da Hi-Crush, suka shigar da takardar karyewa. Mai mota ɗaya da bashi a wuya ba ya jure wata uku irin wannan. Ko a lokacin da abubuwa ke tafiya, inji ɗaya ya lalace a bakin rijiya sai ka kwana a layi da lodi a baya. Akwai kuɗin jira a takarda, amma karɓarsa kokawa ce. Na taɓa yin awa goma sha huɗu a layi, wani kamfani ya biya ni na awa biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne bodin da za ka ja. A kayan kasuwa bodi mai rufi guda ya ishe ka, kowa na saye idan ka tashi sayarwa. A yashi iri uku ne. Akwai tanka mai hura yashi da iska, wadda sai ka ɗora wa kan motar injin hurawa, saukewa kuma ta kan ci kusan awa guda. Akwai tsarin akwati irin na SandBox da PropX, inda motar ɗaga kaya ke sauke cikakke ta ɗora maka wofi cikin 'yan mintuna, akwatunan kuma na kamfani ne. Akwai mai zubarwa ta ƙasa. Kowane wurin aiki da irin da yake karɓa, ka sayi tanka da tsada gobe su koma akwati, ta zame maka kayan ajiya. Ga kuma sabon abu: kamfanin Atlas ya shimfiɗa bel mai tsawon mil 42, Dune Express, daga Kermit zuwa cikin New Mexico, ya fara aiki a farkon 2025, yana kuma amfani da motocin Kodiak marasa direba a hanyoyin cikin daji. Duk tan da bel ya ɗauka, sawun wani direba ne ya ragu.

Batun mota, kwalta da burji ba ɗaya ba ne. Hanyoyin shiga rijiya gargada ce da ƙura, suna cin taya da sifirin da matatar iska. Kuɗin makanike a Odessa ko Pecos ya fi na sauran wurare, haka wurin kwana. Titin 285 tsakanin Pecos da Carlsbad mutanen wurin hanyar mutuwa suke ce masa, saboda yawan haɗari da direbobi masu gyangyaɗi.

Jikinka ma ka saka a lissafi. Ƙurar yashin nan tana taruwa a huhu ta haifar da ciwon da ba ya warkewa, don haka takunkumi ba abin wasa ba ne. Za a nemi takardar horon kiyaye haɗari na SafeLand, da na iskar H2S mai guba, da tufafin da ba sa kama wuta. Wasu wuraren suna sa a aske gemu don abin numfashi ya zauna daidai a fuska. Ka tambayi wannan tun kafin ka sa hannu, na san 'yan'uwa da abin ya mayar da su gida. Dokar tarayya ta awa 11 na tuƙi cikin 14 tana nan a duka biyun idan aikin ya tsallaka jiha, sai dai masu aikin mai suna iya sabunta lissafin awannin makonsu da hutun awa 24 maimakon 34. Kamfani yana ganin wannan riba ce, kai barcinka ne ya ragu.

Takardu kusan ɗaya ne: lambar rajista ta ma'aikatar sufuri (DOT), izinin jigila na dala 300, harajin manyan motoci har dala 550 a shekara, inshorar da doka ta ce aƙalla dala 750,000 amma kowa miliyan ɗaya yake nema. New Mexico tana da nata harajin nauyi da nisa. Biya yakan ɗauki kwana 30 zuwa 60, dizal kuwa yau ake saye. Masu sayen takardar bashinka su ba ka kuɗi nan take suna yankar kasonsu, kuma wannan da bashin mota mai ruwa abu ne da ya kamata ka zauna da malami a kai.

Da ni ne kai, Malam, ba zan sayi komai ba tukuna. Zan je Midland ko Odessa in ja motar kamfanin yashi wata shida, in ga layi da idona, in rubuta sawu nawa nake yi a mako mai kyau da mara kyau. In ya yi mini, in sayi kai mai ɗakin kwana wanda zai iya komawa kayan kasuwa ranar da rijiya ta tsaya, in shiga ƙarƙashin kamfani mai tsarin akwati da bodinsu, in kuma ajiye kuɗin wata uku a gefe kafin in ɗauki lodin farko.