Sa'o'i Takwas a Glacier Express, Daga Zermatt Zuwa St. Moritz

A cikin hutun da ni da uwargidana muka yi a ƙasar Suwizalan a watan Fabrairu, mun ware yini guda cur don hawa jirgin ƙasan da ake kira Glacier Express, wanda yake tashi daga garin Zermatt a gindin dutsen Matterhorn ya sauka a St. Moritz. Tsawon hanyar kilomita 291 ne, amma jirgin yana cinye kusan sa'o'i takwas kafin ya gama ta, domin a matsakaici bai kai kilomita 40 a sa'a ba. Lokacin da na faɗa wa uwargida haka tun muna gida, sai ta yi dariya ta ce, "Alhaji, wato kuɗi za mu biya a jinkirta mu?" Ni ma da na tuna jirgin Kano zuwa Legas na zamanin ƙuruciyarmu, wanda nawarsa ba da son ran kowa ba ce, ban sami amsar da zan ba ta ba a ranar.

Mun zaɓi taragon da suke kira Excellence Class, wanda aka fara haɗawa da jirgin a shekarar 2019. Kujeru ashirin ne kacal a cikinsa, ɗaya a kowane gefe, saboda haka babu wanda zai yi ta leƙe ta kafaɗar maƙwabcinsa, kuma gilashin tagar ya miƙe har cikin rufi, ta yadda mutum zai ga ƙololuwar duwatsu ba tare da ya karya wuya ba. Kuɗin kama kujera kaɗai ya haura faran 400 na Suwizalan a kan kowane mutum, ban da tikitin aji na ɗaya da dole sai an mallake shi. Mu katin Swiss Travel Pass da muke yawo da shi ne ya ɗauke mana nauyin tikitin, kuma da ba don haka ba, da wuya in yarda da wannan ciniki.

Daga Zermatt, mai tsayin mita 1,600 da 'yan kai bisa teku, jirgin ya gangaro ta wani matsattsen kwari zuwa Visp da Brig. A wuraren da gangaren ya yi tsanani akwai dogo na uku mai haƙora a tsakiyar layin, wanda kan jirgin yake cizawa don kada ya sulale, kuma fasinja yana jin sauyin ƙarar a ƙarƙashin ƙafarsa. Abin da ban sani ba sai da na saurari bayanin da ake yi ta na'urar kunne shi ne, daskararren kogin ƙanƙara (glacier a Turance) na Rhône, wanda jirgin ya samo sunansa daga gare shi tun tafiyarsa ta farko a 1930, ba a ganinsa yanzu daga taga. Tun 1982 ake bi ta ramin Furka mai tsawon kilomita 15 da ɗoriya a ƙarƙashin dutse, kuma wannan ramin ne ya ba jirgin damar aiki a lokacin hunturu, wato lokacin da muka zo.

Sashen da ya biya ni kuɗina shi ne hawan Oberalp bayan an bar Andermatt. Jirgin yana murɗawa a jikin dutse, garin yana ƙanƙancewa a ƙasa har gidajensa suka koma kamar akwatunan ashana, sannan aka fito wani fili mai tsayin mita 2,033 inda babu abin da ido yake gani sai fari fat. Titin mota ya nutse a cikin dusar ƙanƙara, tafkin da ke wurin ya daskare ya ɓace, kuma hasken rana da yake dawowa daga ƙasa ya yi ƙarfin da sai da na nemi baƙin tabarau. A nan ne na ajiye waya na daina ɗaukar hoto, domin na lura ina kallon allo fiye da yadda nake kallon abin da na taso daga nesa don in gani. Da jirgi mai gudu ne, da minti kaɗan ya isa a wuce wurin, kuma da ba mu lura da sawun masu sulu a jikin tudu ba, balle ɗan bukkar katakon da dusa ta binne har bakin taga. Uwargida, wadda ta yi min ba'a a gida, ba ta ce uffan ba har muka fara gangarawa Disentis.

Abinci ana kawo shi ne kala bayan kala a kan teburin da ke gaban mutum, tun daga hantsi har bayan azahar. Mun sanar tun lokacin kama kujera cewa ba ma cin naman alade kuma ba ma shan giya, sai aka haɗa mana kifi da kayan lambu da cuku da ruwan 'ya'yan itatuwa, ma'aikacin da ke kula da taragon kuma bai bari mun maimaita bayani ba. Sai dai ya kamata Musulmi ya san cewa farashin wannan tarago ya ƙunshi giyar da ake haɗawa da kowane kwano, don haka akwai kaso na kuɗinsa da ba zai mora ba. Batun salla bai zame mana damuwa ba, tunda matafiya ne mu: mun haɗa Azahar da La'asar bayan mun isa masauki, rana ba ta faɗi ba.

Bayan kwarin kogin Rhine mai fararen duwatsu da birnin Chur, inda jirgin yake juya gaba ya koma baya, gajiya ta fara kama ni, kuma na yi gyangyaɗi. Ma'aikacin ne ya taɓa ni dab da gadar Landwasser, mai tsayin mita 65 da ƙofofi shida na dutse masu siffar baka, wadda take lanƙwashewa ta shige kai tsaye cikin wani rami a fuskar dutse. Wannan sashe na layin, wanda ake kira Albula, yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su tun 2008, kuma tsakanin Bergün da Preda jirgin yana kewaya kansa a cikin ramuka don ya hau fiye da mita 400, har kwari ɗaya ya riƙa bayyana sau ɗaya a dama sau ɗaya a hagu.

Idan zan sake, aji na ɗaya na yau da kullum zan kama, domin shi ma yana da manyan tagogin, hanyar kuma ita ce dai, sannan in sa rarar kuɗin a ƙarin kwana a Zermatt. Uwargida ba ta yarda da ni ba. Ta ce kujerar da babu kowa a gefenta ita ce abin da muka saya, kuma har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.