Tseren zagayen Dutsen Kufena: hanya ta yi kyau, amma ruwa bai kai ga na baya ba

A tsakiyar hunturun da ya wuce, wata ƙungiyar matasa masu motsa jiki a nan Zariya ta shirya tseren ƙafa na dogon zango a cikin daji, wanda ya tashi daga gefen Wusasa, ya zagaye Dutsen Kufena ta cikin gonaki, sannan ya dawo inda aka faro. Nisansa kilomita 21 ne, wato kimanin rabin cikakken gudun famfalaki mai kilomita 42 da mita 195, kuma an buɗe shi ga masu gudu da masu tafiya a ƙasa baki ɗaya. Ni a sahun masu tafiya na shiga, domin shekaruna sun haura hamsin. Saboda haka abin da zan faɗa a kan hidimar masu shiryawa shaida ce ta wanda ya ga tseren daga baya, inda ƙura ta riga ta lafa kuma 'yan kallo sun watse.

Rajista ba ta ba ni wahala ba. Ta WhatsApp aka yi ta, na tura kuɗi ta banki, ana gobe tsere kuma na je na karɓi riga da lambar da ake maƙalawa a ƙirji. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su miƙa wa kowa lamba ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta auna jininsa, ta tambaye shi ko yana da hawan jini ko ciwon sukari ko asma, aka kuma rubuta lambar wayar wani ɗan'uwansa a bayan takardar. An tashi da ƙarfe 6:30 na safe, bayan kowa ya yi sallar asuba a natse.

Wanda ya zaɓi hanyar nan ya san ƙasar, kuma ya cancanci yabo. Manyan tseren da muke gani a talabijin, irin na Legas da aka fara a shekarar 2016, a kan kwalta ake yin su, inda ƙafa ke sauka iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A nan kuwa ba a yin rabin sa'a ƙasa ba ta sauya ba. Mun fara da burji, muka shiga gonakin dawa da aka riga aka girbe, inda dole mutum ya riƙa tsallake kunyoyi yana lura da kututturen kara mai tsini, daga nan muka gangara fadama muka bi gefen rake, muka ƙetare wani rafi da ruwansa ya ja baya ya bar yashi mai cin ƙarfin ƙafa. A gindin dutsen hanya ta bi kusa da ragowar tsohuwar ganuwar ƙasa, irin wadda tarihin baka ke dangantawa da zamanin Sarauniya Amina, kuma na tsaya a wurin fiye da yadda ya kamata, domin na yi shekaru a Zariya ban taɓa zuwa na gan ta da idona ba. Hazo ya rufe birni a ranar, don haka ko da muka ɗan hau tudu ba mu hango komai ba sai kan itatuwa. Gasar gudun daji ta duniya kilomita 10 ce ga manya, a kan filin da aka gyara ana zagayawa. Wannan ta ninka ta, kuma babu abin da aka gyara a cikinta.

Alamun hanya ma sun wadatar. An ɗaure jan ƙyalle a rassan itatuwa, an zana kibiya da toka a ƙasa, a kowace mararraba kuma an tsayar da yaro ɗan ƙauyen yana nuna inda za a bi. Masu shiryawa sun nemi izinin masu unguwanni tun kafin ranar, sun kuma sanya 'yan sintiri a wuraren da daji ya yi duhu. Duk wanda ya san halin da tsaro yake ciki a ƙauyukan da ke kewaye da mu zai fahimci cewa ba don wannan ba, mata da dattawan da na gani a tseren ba za su fito ba.

Inda hidimar ta gaza shi ne ruwa. An yi mana alkawarin teburin ruwa a kowane kilomita 5, kuma na farko da na biyu mun same su cike da ruwan leda. Da muka isa na uku, a kilomita 15, wajen ƙarfe goma da kwata, babu komai a kansa sai buhunan da aka zazzage. Yaron da ke tsaron wurin ya ce mini, “Baba, ka yi haƙuri, na gaba sun shanye, wasu ma a ka suka riƙa zubawa.” Ban ga laifin yaron ba, kuma ban ga laifin na gaba ba. Kuskuren lissafi ne daga masu shiryawa. Mai gudu yana gama wannan nisa cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka, tun sanyin safiya bai sake shi ba, amma mai tafiya a irin wannan ƙasa sai ya yi sa'a biyar, kuma shi ne rana ke samu a fili. Ga shi iskar hunturu busasshiya ce, tana ɗauke gumi tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya ɗauka bai yi zufa ba alhali ruwan jikinsa yana ta ƙarewa. Ya kamata a ware wa na baya kasonsu a ɓoye, kada a fito da shi sai masu gudu sun wuce.

Haka kuma ban ga ruwan gishiri da sukari a kan ko teburi ɗaya ba, alhali gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki. Haɗinsa ba ya cin kuɗi: cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kamar yadda ake koya wa iyaye mata a asibiti. Jim kaɗan bayan teburin da babu ruwa muka tarar da wani ɗalibi zaune a ƙarƙashin ɗorawa, jijiyar ƙafarsa ta ɗaure, leɓɓansa sun bushe. Motar asibiti tana can wurin ƙarewa domin ba za ta iya shiga gona ba, babur ɗaya tak aka ware wa dukkan mutanen baya, waya kuma ta ƙi shiga a bayan dutse. Wata dattijuwa daga gidajen da ke kusa ce ta fito mana da ruwa a ƙwarya, tana cewa, “Sannunku Malam, ku ba yaron nan ya sha tukuna.” Mun zauna da shi fiye da rabin sa'a kafin mai babur ya iso.

Na ƙarasa ana dab da ƙarfe goma sha biyu, kuma a nan dole in ba masu shiryawa haƙƙinsu. Ba su naɗe rumfa ba sai da mutum na ƙarshe ya shigo, kowa ya samu lambar yabo da kunu da ƙosai da ayaba, ma'aikaciyar jinyar nan kuma ta zauna tana wanke wa mutane bororon ƙafa tana cire musu ƙaya. Yawancin waɗanda suka ji jiki sababbin kambas suka sa, ko kuma gajeruwar safa wadda ƙarangiya ta samu hanyar shiga, abin da layi biyu na gargaɗi a saƙon rajista zai iya hanawa. Na kuma ga an tura yara da buhuna su bi sawunmu su tsince ledoji, saboda kada shanu da awakin mutane su haɗiye su.

Kafin in tafi na sami shugaban ƙungiyar na gaya masa abin da ya faru a kilomita 15. Ya saurare ni har na gama, bai kawo uzuri ba, ya rubuta a littafinsa. Idan Allah ya kai mu baɗi zan sake shiga, amma da gorar ruwana a rataye, kuma kafin in tura kuɗin rajista sai na tambaye su babura nawa suka ware wa masu tafiya.