Na ɗauko masu duba ƙasa kafin in dasa lemo: ramin ya biya kuɗinsa, takardar kuwa sai a hankali

Gonata tana kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, gaba da Shika kaɗan, ta gangara daga tudu zuwa bakin fadama. Da na yi ritaya na ƙudura dasa lemon zaƙi a cikinta, sai wani abokina ya ce kada in kuskura in sayi dashe sai an duba mini ƙasa. Shi ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani na matasa da suka karanci aikin gona. Kuɗinsu ya kusa na buhun taki biyu, kuma har ga Allah ina ƙunƙuni na biya.

Bayan kaka suka zo, su uku, da diga da shebur. Suka haƙa rami biyu, ɗaya a tudu ɗaya a gangare, kowane zurfin mita ɗaya da rabi. Shugabansu ya kankare bangon ramin da wuƙa ya ce, "Baba, sauko ka gani da idonka." Shekara 20 ina noman masara a wurin nan, ban taɓa ganin abin da ke ƙasan bakin garma ba.

A ramin tudu ƙasar hawa-hawa take. Ta sama, wadda ya kira A, ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ruwan ƙasa ce mai ɗan duhu. Duhun nan, in ji shi, ruɓaɓɓen kara ne da takin dabbobi, kuma tawa ta koɗe. Ƙarƙashinta, hawan B, jangargari ne ja zur, irin na ginin ɗaki. Jan nan tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasar ce, kuma ƙarfe ba ya yin tsatsa sai da iska. Ma'ana ruwa yana wucewa, saiwa tana numfashi. Ya jiƙa ɗan gutsure, ya kara shi da wani littafin launuka mai suna Munsell a hasken rana, ya rubuta 2.5YR 4/6. Na ce duk wannan lamba don a ce "ja"? Ya yi dariya ya ce jan Zariya da jan wani gari ba ɗaya ba ne, lambar ce ke raba gardama.

Ramin gangare ne ya tayar mini da hankali. Samansa ya fi na tudu baƙi, har na fara murna. Amma daga kamu biyu sai ƙasar ta koma ruwan toka, da ɗigo-ɗigon ruwan goro kamar zanen ƙwan zabo. A bushe take ƙamas ranar, amma ya ce launin nan shaida ce cewa da damina ruwa yana kwana a wurin har iska ta ƙare, ƙarfen ya narke ya bar toka. Ɗigon kuwa inda iska ta sake shiga ne da rani. Ƙasa da nan diga ta fara ƙara a kan marmara. Lemo ba ya jure ruwa a saiwa, kuma nan ne na yi niyyar dasa mafi yawa, don ya fi kusa da rijiya.

Wani dattijo mai haƙar rijiya da ya tsaya kallo ya leƙa ya ce, "Ai wannan ƙasar rake ce, Alhaji." Bai karɓi ko sisi ba. Sai dai ni ban taɓa tambayarsa ba, kuma ba zai nuna mini iyakar da abin ya fara ba. Su sun bi gonar da ƙarfen huda ƙasa, suka kafa turaku inda tokar ta soma.

Inda suka gaza shi ne bayan sun tafi. Sakamakon samfurin da suka ɗiba, wanda aka ce mako biyu, ya kai wata biyu. Da ya zo, da Turanci yake, jadawali ne zalla, sai da na yi ta kiran waya kafin a fassara mini cewa ƙasar tana da ɗan tsami kuma tana son takin gargajiya. Ramukan ma a buɗe suka bar su, har akuyar maƙwabcina ta faɗa ɗaya. Wanda zai ɗauke su ya sa cike rami cikin ciniki, kuma ya kasance a gonar ranar haƙa.

Lemon yana tudu yanzu, sama da turakun. Gangaren na ba ƙanena ya sa rake.